Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kociyoyi da masu ƙungiyoyin ƙwallon yara a zangunan Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwana kociyoyi, da iyayenmu Alhazai masu riƙe da ƙungiyoyin kolts, wato na ƙwallon yara, a Aboabo, Asawase, Sabon Zango, Yalwa, Sawaba, Moshi Zango, Tafo da sauran unguwanninmu, ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiya. Na san abin da kowannenku yake fitarwa daga aljihunsa: kuɗin motar trotro ranar wasa, ruwan leda, jesi, maganin rauni, wani lokaci har da kuɗin makarantar yaron da ba ɗanka ba. Babu mai biyan ku wannan sai Allah, shi kuwa ba ya manta aikin kowa.

Na rubuto ne a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu. Duk inda kociyoyi biyu suka zauna bayan atisaye, za ka ji ana cewa yaran yanzu ba su da zuciya, waya ta cinye su, caca ta ɗauke musu hankali, ba sa son wahala. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma ku dubi yaron da yake zuwa mana yana ɗan shekara tara ko goma. Ba wanda ya aiko shi. Sau da yawa ma sulalewa ya yi daga gida, ƙafa ba takalmi, ya riga kowa isa fili, kuma sai an kore shi idan an kira magariba. Wannan yaro da son ƙwallonsa ya zo, ba mu muka sa masa ba. Shi ne kuma idan ya kai sha biyar za ka neme shi ka rasa, ko ka hange shi a ƙofar shagon caca yana leƙen wasan Ingila. Daga tara zuwa sha biyar a hannunmu yake. Kafin mu ɗora wa waya laifi, ya kamata mu tsaya mu dubi abin da muke yi masa a waɗannan shekarun.

A nawa ganin, da abu biyu muke tura yara: tsoro da alkawarin Turai. Kowannensu yana aiki na ɗan lokaci, daga baya ya kashe abin da yaron ya zo da shi.

Bari in fara da tsoro. Wata Asabar na tsaya a bakin fili ina kallon wasan 'yan ƙasa da sha uku na wasu ƙungiyoyi biyu. Akwai wani ɗan ƙaramin ɗan baya na hagu, ƙwallo ta zo masa, ya tare ta da kyau, ya so ya juya da ita ya fita ta gefe. Ɗan gaba ya ƙwace, ya zura a raga. Kafin a mayar da ƙwallo tsakiya kocinsa ya shigo har cikin layi yana kiransa jaki, ya haɗa da uwarsa, ya fitar da shi nan take, ya sa shi tsallen kwaɗo a gefen fili, ga 'yan kallo, ga ƙannensa suna gani. Ni kuwa sai na koma kallon goman da suka rage. Daga wannan lokaci ba wanda ya sake yarda ƙwallo ta daɗe a ƙafarsa. Kowa ta zo wa sai ya narka ta gaba, ya waiga benci ya ga ko fuskar koci ta sauya. Abin da suka koya a ranar ke nan: kada ka karɓi ƙwallo, kada ka gwada komai, ka rabu da ita kafin ta jawo maka zagi.

To, 'yan'uwa, da irin wannan horon ta ina za mu sake samun Abdul Razak? Ɗan Kumasi ne, a ƙwallon yara na garin nan ya taso, ya bi ta Cornerstones ya shiga Kotoko, shi ya ci Tunisiya a wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin Afirka ta 1978, kuma a shekarar aka ba shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Ko Mohammed Polo na Nima, wanda har yau dattawa ke ba da labarin yankansa. Mai yanka ba ya zama gwani sai an ƙwace masa ƙwallo ba adadi yana ƙarami, ya sake gwadawa ba a ci masa mutunci ba. Muna kukan cewa tun 1982 Ghana ba ta sake ɗaga kofin Afirka ba, muna kukan cewa ba mu ma samu zuwa gasar Maroko ta 2025 ba, alhali a filayen unguwa muna koya wa yara tsoron ƙwallo tun ba su san hagu da dama ba.

Na san amsar da za a ba ni: mu ma haka aka yi mana, ga mu nan ba mu mutu ba. Gaskiya ne. Amma mu da muke wannan magana mu ne waɗanda suka jure. Waɗanda zagin ya kora ba sa zama cikinmu balle su ba da shaida, kuma kowannenmu zai iya tuna wani abokin yarintarsa da ya fi shi iya ƙwallo nesa ba kusa ba, wanda ya daina zuwa fili wata rana bai sake dawowa ba.

Ba ina cewa a saki yara su yi abin da suka ga dama ba. Yaron da ya makara ba dalili, ko ya zagi alƙalin wasa, ko ya ɗaga wa ɗan'uwansa hannu, dole ya san akwai hukunci, kuma ya san hukuncin tun kafin ya aikata, kuma ya ga cewa hukuncin da ya hau kansa zai hau kan wanda ya fi kowa cin ƙwallo. Wannan tarbiyya ce, iyaye ma don ita suke yarda su bar mana 'ya'yansu. Amma ɓarar da ƙwallo ba rashin tarbiyya ba ne. Yaro ya zo koyo ne, da ya iya da bai zo wurinmu ba. Mun taso muna jin malamanmu suna karanta mana cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma yana yaro, bai taɓa jin ko tsaki daga bakinsa ba. Muna jin wannan a masallaci mu girgiza kai, mu fito mu tafi fili da bulala.

Abin da na ga yana tayar da yaro tsaye shi ne ya san an gan shi. Ka kira sunansa, ka faɗa masa ainihin abin da ya yi. "Yauwa, ka yi ƙoƙari" kowa yana faɗa, iska ke ɗauke ta. Amma ka ce masa, "Na ga yadda ka ɗaga kai ka duba bayanka kafin ƙwallo ta iso ka, shi ya sa ba a ƙwace ba," wallahi sati mai zuwa sai ka ga yana ɗaga kai ko ba a ce masa ba, domin ya gane abin da zai maimaita. Kuma a yaba abin da yake hannunsa: komawar da ya yi baya da gudu bayan an ƙwace masa, zuwansa atisaye ranar ruwan sama, gwada ƙafar hagu da ya yi ko da ƙwallon ta fita waje. Idan ka riƙa ce wa ɗan sha biyu shi Messi ne, ka ɗora masa suna da zai riƙa tsoron ɓatawa, sai ya daina gwada duk abin da bai riga ya iya ba. Gyara kuma a ja shi gefe, murya ƙasa, abu ɗaya tak. A hutun rabin lokaci yaro yana haki, kansa yana zafi, ba zai riƙe huɗubar minti goma ba. A bar su su sha ruwa, a tambaye su me suka gani, sau da yawa su da kansu za su faɗi matsalar.

Yanzu ga wanda ya fi damuna, alkawarin Turai.

Kowannenmu ya taɓa faɗa ko ya ji an faɗa: ka dage, akwai Bature da zai zo, akwai ejan da ya ga bidiyonka, nan da shekara biyu kana Italiya, za ka gina wa mamarka gida, ka kai ta Makka. Yaro ya ji wannan sai ya yi gudun da bai taɓa yi ba. Amma wutar kara ce, nan da nan ta kama, nan da nan ta zama toka. Shekara ta wuce ba Bature, ta biyu ta wuce, ya kai sha shida ya ga ba fasfo ba biza, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa ya faɗi, rayuwarsa ta lalace. Mun koya masa cewa amfanin ƙwallo ɗaya ne, jirgi. Ba jirgi, to me zai zo yi fili? Daga nan ne ake samun masu zaman kashe wando, da masu shan tramol, da masu tunanin bin hamada zuwa Libiya. Kuma kada mu manta mun cire shi daga aji da wannan alkawarin, ko mun yi shiru muna gani yana gudun makaranta saboda atisayen safe.

Muna yawan kafa hujja da waɗanda suka tafi. To mu ba da labarinsu cikakke. A 1991 Black Starlets, ƙungiyar matasan Ghana, suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da sha bakwai a Italiya, suka sake ci a Ekwado a 1995. A cikin 'yan 1991 akwai Samuel Osei Kuffour, yaron Kumasi da ya fito daga King Faisal ta Alhaji Grusah, ya tafi Torino, ya ƙare da ɗaga kofin zakarun Turai da Bayern Munich a 2001. Wannan muna son faɗa. Amma gwarzon waccan gasa Nii Odartey Lamptey ne, shi ma a garin nan ya yi ƙwallon yarintarsa, ya tafi Anderlecht yana ƙaramin yaro, duniya tana cewa ga magajin Pele. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa rashin karatu ya sa ya sa hannu a takardun da bai san abin da ke cikinsu ba, aka yi ta juya shi daga ƙungiya zuwa ƙungiya, wasu suna cin guminsa. Da ya dawo gida me ya gina? Makaranta, Glow-Lamp, a Accra. Mutumin da ya ga Turai da idonsa, ya ɗanɗani zaƙinta da ɗacinta, aji ya gina wa yara. Wannan ɓangaren labarin ya kamata yaranmu su ji daga bakinmu.

Mohammed Kudus kuwa, wanda kowane yaro a zango yake son ya zama, daga Strong Tower ta Nima ya shiga makarantar Right to Dream yana ɗan sha biyu, ya zauna can yana ƙwallo yana karatu, bai tafi Denmak ba sai 2018, shekarar da ya cika sha takwas. Ajax a 2020, ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a Ƙatar a 2022, West Ham a 2023. Shekara shida yana jira yana koyo kafin ya hau jirgi. Kuma ba don baiwarsa ta gaza ba ne ya jira. Dokar FIFA ce ta hana a sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika sha takwas, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan da ba su shafi yaron Aboabo da iyayensa ke Aboabo ba. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce zai kai ɗan sha huɗu wata ƙungiya a Turai, a kawo kuɗin biza da na jirgi, to a bincike shi da kyau. Ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske ita ke ɗaukar nauyin zuwansa. Mun ga uwayen da suka sayar da zannuwan aurensu, suka karya jarinsu na kasuwar Kejetia, suka ci bashin adashi, yaro ya ƙare a wani ɗaki a ƙasar da bai san kowa ba, mai lambar wayar ya kashe ta. Idan koci ne ya gabatar da wannan mutum ga iyaye, to da yardar da suka yi wa koci aka cuce su.

Ba na cewa a kashe wa yaro buri. Ya yi mafarkinsa, haƙƙinsa ne, kuma cikin ikon Allah wani daga cikinsu zai tafi. Amma abin da za mu riƙa tura shi da shi kullum ya zama abin da hannunsa zai kai a wannan watan. Wanda yake ɗaga ƙwallo sau goma ta faɗi, a ce masa kafin Juma'a ta sama muna son ashirin. Golan da ke tsoron fitowa idan an bugo kwana, a ware masa minti goma kullum har ranar da zai fito ya cafke a cikin wasa, a tsayar da kowa a tafa masa. Yaron da ya ga da idonsa cewa abin da ya gagare shi watan jiya yau ya iya, ba ya bukatar labarin Bature kafin ya zo atisaye gobe.

Sai maganar da ba ma son a taɓa, rage shekaru. Alhazai, ku gafarce ni, a nan ku nake nufi kai tsaye, domin sau da yawa koci yana yi ne don mai ƙungiya yana son kofi. Kowa ya san abin da ake kira shekarun ƙwallo. A sa ɗan sha bakwai a wasan 'yan sha uku, ya ture kowa, ya ci uku, a ɗauki kofi a zagaya unguwa da ganga. Ku dubi wanda aka zalunta. Ɗan sha uku na gaskiya, wanda bai fasa atisaye ba tun farkon shekara, yana benci yana kallon wani da aka ɗauko jiya daga wata unguwa sanye da rigarsa. Me za ka sake faɗa masa game da ƙoƙari? Da wane baki? Ɗan sha uku na ɗaya ɓangaren kuma ya koma gida ya gaskata cewa shi bai iya ba, alhali da wansa aka haɗa shi. Shi kansa babban an cuce shi, domin da ƙarfi yake cin wasa, ba ya koyon komai, ranar da ya haɗu da tsaransa sai a ga ba abin da ya iya. Kuma mun koya wa yara ashirin a lokaci guda cewa babba mai salla yana iya rantsuwa a kan ƙarya idan akwai kofi.

Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da sha bakwai da aka yi a Najeriya a 2009 ake ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don a gane wanda ya wuce shekaru. Yaron da muka rage wa huɗu zai iya kai wa har sansanin ƙasa a maido shi gida da kunya. Ko ta fuskar kuɗi ma asara ce. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasa da ƙasa, a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara sha biyu zuwa ashirin da uku. Ƙungiyar da ta yi wa yaro rajista da sunansa na gaskiya da ranar haihuwarsa ta gaskiya ita ke da hujjar karɓar rabonta. Wadda ta sauya masa suna sau biyu ta zubar da haƙƙinta da hannunta.

Benci ma yana korar yara fiye da yadda muke zato. Akwai yaran da za su yi kakar wasa guda suna ɗaukar jakar ƙwallo da ruwa, ba su taɓa shiga ko na minti biyar ba. A 'yan ƙasa da sha uku ban ga dalilin da zai hana duk yaron da ya zo atisaye ya taka fili ranar wasa ba, ko da za a rasa maki. Ba wanda ya san wane ne zai yi tsawo, wane ne zai yi ƙarfi. Yaro ɗan firit a sha biyu yana iya zama shi ne dogo a sha shida, kuma sau da yawa shi ya fi kai, domin ƙanƙantarsa ta tilasta masa tunani. Haka nan tsakanin sha biyu da sha biyar, lokacin da ƙashi ke saurin tsawo, yaro kan yi ta kukan ciwo a ƙasan gwiwa ko a diddige, ƙafarsa ta riƙa harɗewa, ƙwallon da yake tarewa da ido rufe ta fara kuɓuce masa. Mu kuma sai mu ce lalaci ne ko girman kai. Girma ne kawai. Rage masa gudu da tsalle, a gaya masa zai wuce, in ciwon ya yi yawa a kai shi asibiti, kada a ce ya daure shi namiji ne.

Shi kansa atisayen mu duba shi. Yara talatin a layi ɗaya, ƙwallo ɗaya, kowa ya jira minti biyar kafin ya taɓa sau ɗaya, sannan a ce su zagaya fili sau goma cikin rana. Wa zai yi ɗokin wannan? A raba su huɗu-huɗu ko biyar-biyar, a sa duwatsu a matsayin raga, kowa zai taɓa ƙwallo ba iyaka, gudun da ake nema kuma za su yi shi ba su sani ba. Kuma kada a mayar da gudu hukunci, don kada yaro ya tashi yana ƙin abin da zai bukata duk rayuwarsa ta wasa.

Akwai tambayar da ta fi duk dabarun nan, ita ce: ka ci abinci? Yaro ya zo fili bayan la'asar, tun kokon safe ba abin da ya shiga cikinsa, yana jan ƙafa, mu ce ba shi da zuciya. Ba zai faɗa ba, kunya ba za ta bar shi ba, sai ka ja shi gefe ka tambaya. A nan ina roƙon Alhazai da sauran masoya da ke zuwa kallo. Wannan al'ada ta kiran wanda ya ci ƙwallo a danƙa masa sidi ashirin a gaban kowa tana ɓata mana aiki. Sati mai zuwa ba zai ba kowa fasin ba, ɗan baya da gola kuma sun gane cewa wahalarsu ba ta da farashi. Wannan kuɗin a haɗa a sayi waakye, wato shinkafa da wake, a juye a babban faranti, kowa ya sa hannu, wanda ya buga da wanda bai buga ba, an ci ko an sha kashi. Masu yin caca a kan wasan yara a bakin fili kuwa, waɗanda ke zagin ɗan sha biyu don ya jawo musu asara, bai kamata mu bar su su tsaya kusa da layi ba.

Game da makaranta, mun bar yara a tsakiya. Asabar da Lahadi da safe lokacin makarantar Islamiyya ne a yawancin zangunanmu, shi ne kuma lokacin da ake yawan sa wasa. Yaro ya je wasa malam ya hukunta shi, ya je makaranta koci ya ajiye shi a benci. Ɗan sha ɗaya ba shi zai warware wannan ba. Mu ne za mu taka mu je gaban malam, mu durƙusa mu gaishe shi, mu nemi a daidaita lokaci, mu kuma nemi masu tsara jadawali su mayar da wasannin yaranmu yamma. Da azumi a sassauta, a matsar da atisaye kusa da shan ruwa. Malamin da ya ga koci yana tsayar da wasa idan an kira salla, yana tambayar yaro ina ya kai a karatu, da kansa zai riƙa turo yara. Haka uba. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa shiga gidan yaron da muke horarwa ba sai ranar da muke son a sa mana hannu a takarda.

Duk ranar da muka wuce babban filin wasan garin nan muna karanta sunan Baba Yara. Ana kiransa sarkin 'yan gefe na Afirka ta Yamma. A 1963 motar ƙungiyarsa ta Real Republikans ta yi haɗari a Kpeve, ya samu rauni a ƙashin baya yana ɗan shekara 26, bai sake taka ƙwallo ba har Allah ya karɓi ransa a 1969. Allah ya jiƙansa. Idan ƙwallo za ta iya ƙare wa irinsa a rana ɗaya, ba mu da hujjar barin yaro ya jingina rayuwarsa duka a kanta. Tun 2017 sakandare kyauta ce a ƙasar nan, kuma makarantu irin su T.I. Ahmadiyya sun yi suna a wasanni, yaro yana iya ƙwallonsa yana karatunsa. Sai dai ba ya shiga sai ya rubuta BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare. Ni a ganina kocin da ya tambayi sakamakon jarrabawa kafin ya ba da jesi ya fi wanda ya tara kofuna. Wanda karatu bai karɓe shi ba a haɗa shi da wani maigida a Magazin, unguwar kanikawa, ko wurin tela, ya yi aiki da safe ya zo fili da yamma.

'Yan mata ma suna tsayawa a bakin fili suna kallo, wasunsu sun fi 'yan'uwansu maza ƙafa. Mukarama Abdulai ta fito daga Tamale ta ci ƙwallo bakwai a gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da sha bakwai a Yurugwai a 2018, ta ɗauki takalmin zinare. Inda iyaye suka yarda, a samo mace mai kula da su, a ba su lokacinsu da suturar da ta dace.

Abin da nake nema a wurinku shi ne mu zauna kafin a buɗe kakar wasa mai zuwa, kociyoyi da masu ƙungiyoyi, mu gayyaci limamai da masu unguwanni su zama shaida. Kowace ƙungiya ta zo da takardar haihuwa ko katin awo na asibiti na kowane yaro, a haɗa da rajistar makarantarsa, a buɗe a gaban kowa. Mu yarda a tsakaninmu cewa kocin da ya doki yaro ko ya zagi iyayensa a fili zai bar benci a wannan wasan, kuma ba wanda zai kai baƙon ejan gidan iyaye sai an tantance lasisinsa. Abin da muka amince a kai mu rubuta, mu kai wa hukumar ƙwallon ƙafa ta yankin Ashanti, mu kuma roƙi masu kula da filayen roba da aka gina a unguwanni su ware wa yara wasu sa'o'i da rana kyauta, kafin manya masu biyan haya su zo da dare. Duk wanda ya kira zaman zan zo, da katunan yarana a hannu, a fara dubawa daga kaina.

Wassalamu alaikum.

Ɗan'uwanku,
mai horar da yara ƙwallo a Aboabo, Kumasi